Kwamfutar da Babu Komai a Cikinta

A daminar da aka kashe layukan waya a yankinmu, ina gida. Inna ce ta zame a bakin rijiya ta karye a ƙugu, na baro Sakkwato na dawo ƙauyenmu da ke kan hanyar Sabon Birni zuwa Burkusuma da niyyar in yi 'yan kwanaki. Mai ɗori ya duba ta ya ce sai ta yi watanni a kwance. Ba wani namiji a gidan sai ni, sai Kawu, ƙanen Inna, da ke zagayowa safe da yamma ya duba ta ya koma gonarsa.

Aikina rubuta manhaja ne. A lokacin ina yi wa wani ƙaramin kamfani aiki, muna gina shafin da mutum zai shiga ya kama wa kansa kujera a motar haya kafin ya je tasha. Kwamfutata kuwa tsohuwa ce tukuf. In na ɗora mata aikin gaba ɗaya sai ta kama gurnani, ta yi zafi har ta hana ni ɗora ta a cinya. Don haka tun ina birni na yi mata dabara. Aikin duka na ajiye shi a wata babbar kwamfuta mai nisa da kamfanin ya kama haya, wadda muke kira saba. Tawa ba ta riƙe da komai sai edita, wato manhajar da nake rubutu a cikinta. In na haɗa editar da sabar ta intanet, sai fayilolin su jeru a gefen hagu kamar a wurina suke, in buɗe, in gyara, in gwada, alhali duk abin can nesa yake faruwa. In layi ya yanke kuma gefen hagun ya koma fayau. Na daɗe ina yi wa abokan aiki fankama da wannan tsari, ina ce musu ko yau aka sace mini kwamfuta ɓarawon ƙarfe kawai ya ɗauka.

Kowa ya san dalilin kashe layukan. An ce don a raba 'yan bindigar daji da masu ba su labari daga cikin gari. Tun daga nan kalmar infoma ta zama mafi muni a bakin mutane. An daina doguwar hira a majalisa. In aka ce an kwashe shanun wane, kafin a jajanta masa sai an tambayi wa ya san ranar da zai fitar da su kiwo. Mutumin da aka liƙa wa wannan suna ba kasafai yake samun damar zama ya yi bayani ba. Na san wasu da aka fitar da su bayan gari a kan zargi kawai, kuma ban ji an ce sun dawo ba.

Ni dai aiki nake da shi, kuma aikin ba ya jira. 'Yan kasuwar da ke shiga Nijar suna shigo da layukan can, na sa aka kawo mini ɗaya. Bayan gonakinmu akwai wani tudu da sabis ɗin Nijar ke kaiwa in iska ta yi daidai. Ba ni kaɗai ke zuwa ba. Mutane kan hau su ɗaga waya sama, su gaisa da ɗa ko ƙane da ke Legas, su ce lafiya muke, su sauka. Ni kuwa in na hau da hantsi ba na sauka sai batir ya mutu.

Itace ɗaya ne a kan tudun, gawo, shi kuma da damina ba ganye gare shi ba. Rana takan doki fuskar kwamfutar har in kasa ganin harafi ko ɗaya. Sai na riƙa ɗauko wani tsohon zanen Inna ina lulluɓe kaina da kwamfutar gaba ɗaya, in shige ciki in yi duhu. Ga ni da mugun hali, in aiki ya ƙi, magana nake yi ni kaɗai. In layi ya yanke ana tsakiyar abu in yi tsaki in zagi sabar, in ce mata don Allah ki amsa mini mana. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin yadda abin yake a idon mai noma a ƙasan tudun ba: ƙato zaune a hanyar iyaka, lulluɓe da zane, yana ƙus-ƙus da wani da ba a gani.

A wurin mai shayin bakin kasuwa na fara ganin canji. Ina zama a bencinsa hirar ta mutu, kowa ya kama kallon kofinsa. Mai kabu-kabun da ke kai ni tudun, wanda tare muka yi makarantar allo, ya ce mashin ɗinsa ya samu matsala, da yamma kuma na gan shi ya ɗauko buhun gero da mutum a kai. Maƙwabcin gonarmu ya dawo yana nome kunya ɗaya kullum, wadda ta fi kusa da gawon, har ta yi sumul babu ko tsinke. A masallaci na lura wanda ke kusa da ni a sahu yana janye ƙafarsa kaɗan, don kada ta taɓa tawa.

Maimakon in ji tsoro, haushi na ji. Ni da aka haifa a garin nan, aka binne mahaifina a cikinsa? Sai ni ma na koma zargin kowa. In mutum ya gaishe ni da fara'a in ce leƙen asiri ne, in bai gaishe ni ba in ce shi ne mai yaɗa maganar. Na fi ɗora abin a kan mai kabu-kabun, don shi ya fi kowa sanin lokacin tafiyata da dawowata. Na daina amsa sallamarsa.

Inna tana kwance amma kunnenta yana waje, don mata na shigowa dubiya. Wata safiya ina naɗe zanen ta ce, "Ka rage zuwa tudun ga."

Na ce, "Inna, in ban tahi ba aikin wa za shi yi mani?"

"Ana magana."

"A yi ta yi. Bakinsu na."

Ta juya fuskarta bango. Na fita ina huci kamar ita ce ta yi mini laifi.

Ba a daɗe ba Kawu ya shigo da hantsi, ba a lokacin da ya saba ba. Ya gaida Inna a tsaye, sannan ya yafito ni zaure.

"Ana nemanka rumfar 'yan sa-kai," ya ce. "Ka taho da injin naka. Tare za mu."

Rumfar tana ƙofar gidan mai gari. Shugaban 'yan sa-kan dattijo ne da ya yi shekaru yana fataucin albasa zuwa Nijar, mutum mai sanyin murya, kuma a shekarar an ɗauke masa mutum biyu daga gidansa. Ba wawa ba ne, ba kuma azzalumi ba, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan. Suna da hanyarsu ta bincike da duk gari ya sani. A karɓi wayarka, a duba wa ka kira, wa ya kira ka, a buɗe hotuna da saƙonni. In an ga lambar da ba a gane ba a tambaye ka, ka yi bayani. Amma wayar da aka samu fayau, babu kira babu saƙo, ita ce ba ta da bayani. A wurinsu mai wannan waya ya san abin da ya goge.

Wayata ta wuce lafiya, don cike take da tarkace. Sai shugaban ya nuna kwamfutar da haɓarsa.

"Buɗe muna aikin da kaka yi kullum bisa tudu."

Na buɗe. Na kunna editar, hannuna ya tafi inda ya saba, sai a lokacin abin ya faɗo mini. A ƙofar gidan mai gari babu sabis ko ɗigo. Editar ta buɗe da baƙin allonta, gefen hagu babu fayil ko ɗaya. Mutane sun matso suna leƙe ta kafaɗata, na ji wani a baya ya ja numfashi.

"Ina aikin?"

"Baba, ba ya cikin wagga. Yana cikin wata kwamfuta can nesa."

"Nesa ina?"

Gaskiyar magana ban san ƙasar da sabar take ba. Ban taɓa damuwa in sani ba.

"Ban sani ba, Baba. Ƙasar waje dai ta."

"Wa ad da ita?"

"Kamfanin da nika yi ma aiki sunka kama haya."

"Ka san mai kamfanin? Ka taɓa zama da shi?"

"Ta waya muka magana. Ban taɓa ganinai ido da ido ba."

Duk amsar da na bayar gaskiya ce, kuma kowace ta fi ta bayanta muni. Ina jin kaina ina magana, ina kuma jin yadda maganar ke sauka a kunnensu. Mutum yana yi wa wanda bai taɓa gani ba aiki, yana aika masa rubutu kullum zuwa inda bai sani ba, kuma in an buɗe injinsa babu komai. Ni kaina da a benci nake zaune ina saurare, da na gama yanke hukunci.

Wani daga gefe ya ce, "Ya goge na. Mi aka jira?"

Zuciyata ta hau, na juya zan mayar masa, Kawu ya danne mini gwiwa da hannu. Na haɗiye. Na ce wa shugaban in suna so su ga aikin, sai mu tafi inda sabis yake, in haɗa a gabansu. Ya kalle ni, sannan ya miƙe ya saɓa bindigarsa.

A ƙafa muka tafi, ta cikin gero da ya kai ƙirji. Ni a tsakiya, mutum biyu a gabana, sauran a baya. Ban taɓa jin nisan tudun nan kamar ranar ba. Tunani ɗaya ke yi mini yawo: akwai ranakun da nake wuni a can sabis bai zo ba. In yau ɗaya ce daga cikinsu, to na kawo kaina bayan gari da ƙafata, wurin da babu mai gari babu mata masu kallo.

Na zauna a gindin gawon, na kunna wa kwamfutar intanet daga waya. Rana ta hana a ga komai, dole na warware zanen Inna. Shugaban ya jingine bindigarsa ya durƙusa ya shigo ciki tare da ni, kanmu a haɗe, ina jin warin goro a numfashinsa. Na danna haɗi. Wata 'yar da'ira ta kama juyawa a ƙasan allon.

"Mi taka yi?"

"Tana ƙwanƙwasa ƙohwa. In waccan ta amsa sai ta gwada mata mabuɗi."

"Wa ab ba ka mabuɗin?"

"Ni niy yi shi. Rabi na nan wurina, rabi na can wurinta. In sunka dace sai ta buɗe."

Da'irar ta yi ta juyawa, sannan ta tsaya, jan rubutu ya fito cewa an kasa. Gumi ya keto mini har yana ɗiga a kan madannai. Na miƙa hannu waje na ɗaga wayar sama, Kawu ya karɓa ba tare da na roƙe shi ba, ya tsaya riƙe da ita sama da kansa. Na sake dannawa. Ban taɓa yi wa na'ura addu'a ba sai ranar.

Fayilolin suka zubo a gefen hagu, ɗaya bayan ɗaya, har ƙasa. Na ji daɗin da ban san yadda zan faɗe shi ba, har na kusa dariya. Na buɗe masa ɗaya, rubutu kala-kala ya cika allon. Ya duba ya duba, ya ce shi bai ga komai ba sai tsutsotsi, ta ina zai san ba sunayen masu shanu ba ne da wani yare?

Nan wayona ya motsa. Na ce ya fito da wayarsa, don na san shi ma yana da layin Nijar. Na buɗe masa shafin gwajin da muke aiki a kai, ga hoton mota, ga kujeru a jere. Na ce ya faɗi duk maganar da yake so. Ya ɗan yi tunani ya ce in rubuta gero ya yi kyau bana. Na rubuta a editar, na adana, na ce ya ja fuskar wayarsa ƙasa ya saki. Maganarsa ta fito ɓaro-ɓaro a saman motar.

Ya fita daga cikin zanen, ya nuna wa sauran. Waya ta zaga hannu zuwa hannu, wani ya yi salati. Na fito ni ma ina share fuska, ina jiran a ce Malam yi haƙuri. Har na fara shirya irin kallon da zan yi wa wanda ya ce na goge.

Shugaban ya karɓi wayarsa ya daɗe yana kallonta.

"Wato abin da kar rubuta nan, ya tahi waccan ƙasa ya komo, kahin in tohe goro."

"Haka na, Baba."

"Kuma duk mai wagga adireshi, ko ina shike, shi ma ya gani."

"In ya buɗe, i."

"To da ka rubuta maza sun tahi kasuwar Isa, ba kowa cikin gari, shi ma haka za shi hito?"

Na so in ce a'a. Na nemi wata hanya da zan bi in kauce, ban samu ba, don abin da ya faɗa daidai ne.

"Haka za shi hito," na ce.

Na taho da su ne in wanke kaina, sai ga shi na nuna musu da hannuna cewa duk abin da suke tsoro ina iya yin sa, cikin sauƙi, ba tare da an ji muryata ba. Babu wani fayil da zan buɗe ya nuna abin da ban rubuta ba. Na rufe kwamfutar na zauna.

Kawu ne ya yi magana. Ya sauke hannunsa, ya miƙo mini wayata, ya matsa gaban shugaban.

"Ɗan yayata na. Ni nit tsaya mai. In anka ishe shi da hannu cikin wani abu, kada ku neme shi, ku taho gidana ku ɗauke ni. Ga mutane sun ji."

A wurinmu wannan ba maganar fatar baki ba ce. Wanda ya tsaya wa mutum a gaban shaidu ya ba da kansa ne da gidansa, kuma in ta ɓaci ba a yi masa ragi. Shugaban ya tambaye shi ko ya san nauyin abin da ya ɗauka, ya ce ya sani. Ya sake tambaya, ya sake amsawa. Sai dattijon ya saɓa bindigarsa ya ce shi ke nan, an ji, suka gangara suka bar mu.

Ni da Kawu muka gangara muka shiga cikin geron. Da muka yi nisa, bakina ya dawo. Na fara zazzaga, ina cewa na san wanda ya kai ni wurin 'yan sa-kai, mai kabu-kabun nan ne, kuma wallahi sai na same shi har gida.

"Bar shi," Kawu ya ce. "Ni nik kai ka."

Na tsaya cak.

"Samari sun hwara shawarar su tare ka bisa hanya. Nig ga gara a tambaye ka da rana, gaban manya."

Ban san ko in gode masa ko in yi kuka ba. Kafin in zaɓa ya juyo ya fuskance ni sosai, ya rage murya duk da babu kowa sai gero.

"Yanzu na ba da kaina. Ba mai jinmu sai Allah. Hwaɗa mani gaskiya, kana ba su labari?"

Duk abin da aka yi mini a rumfa da kan tudu bai yi mini ciwon wannan tambaya ba. Mutumin nan shi ya goya ni a kafaɗa ya kai ni kallon dambe ina ƙarami. Ashe lokacin da yake riƙe da wayata sama da kansa bai sani ba. Lokacin da ya ce a je gidansa a ɗauke shi ma bai sani ba. Na rantse masa da Allah, na ce ban taɓa ba, ba kuma zan taɓa ba.

Ya kalle ni ya ce, "To, Allah shi sa." Ya juya ya ci gaba da tafiya.

Washegari na fito da kwamfutata na same shi a zaure yana jirana. Ya bi ni har tudun, ya zauna a gefena ya kama mini bakin zanen don kada iska ta ɗage shi. Haka ya yi ta yi kullum har Inna ta fara takawa da sanda na koma birni. Yana zaune yana kallon rubutun da ba ya iya karantawa, ciyawa tana cinye masa gona, a shekarar ko rabin geron da ya saba samu bai ɗaure ba. Har yau ban san ko ni yake gadi ko garin yake gadi daga gare ni ba. Ban taɓa tambayarsa ba, don na san in na tambaya zai faɗa mini.